Nazarin Lamari: Yarinyar da Aka Yi wa Maganin Sankarar Jini da Ƙwayoyin Jikinta

Maganin da aka saba da shi, ko a sha ko a yi allura, aikinsa yake yi na ɗan lokaci, hanta da ƙoda su fitar da shi, ƙarfinsa ya ƙare. Na wannan lamari kuwa rayayye ne. Ƙwayoyin jinin majinyaciyar aka ɗebo, aka ƙara musu wani umarni a cikin halittarsu, aka mayar mata, suka ci gaba da hayayyafa a jikinta. Ita ce ta farko cikin yara da aka gwada wa wannan hanya, mai suna CAR-T, a kan sankarar jini, a Asibitin Yara na Filadelfiya da ke Amurka, cikin Afrilun 2012. Likitocinta sun wallafa bayanin jinyar a 2013, iyayenta ma sun sha ba da labarin a bainar jama'a. A nan dai an sakaya sunanta.

## Mafarin ciwon: Mayu 2010

A ƙarshen watan Mayu na 2010, yarinyar na da shekara 5, iyayenta suka fara ganin jini yana kwanciya a ƙarƙashin fatarta nan da can, alhali ba ta faɗi ba, ba ta bugu ba. In ta goge baki sai dasashi ya yi jini. Ciwon gwiwa ya biyo baya, har ya tashe ta cikin dare tana kuka. Ranar 28 ga wata gwaji ya nuna sankarar jini ce, irin wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ALL. Cikin cututtukan daji, ita ta fi kama yara.

Abin da zai biyo baya ba zai fahimtu ba sai an san fararen ƙwayoyin jini iri biyu. Akwai ƙwayoyin B, masu samar da sinadaran garkuwa da ke yawo cikin jini suna manne wa cuta. Akwai kuma ƙwayoyin T, waɗanda da kansu suke kai farmaki: in suka gane wata ƙwayar jiki ta kamu da bairos, sai su liƙe mata, su huda ta, su zuba mata abin da zai kashe ta. Dukkansu daga ɓargon ƙashi suke samo asali. A irin ciwon wannan yarinya, wasu ƙwayoyin B ne da ba su gama ƙosawa ba suke ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa, su cika ɓargo maƙil, su hana shi yin jajayen ƙwayoyi da masu daskarar da jini. Daga nan zubar jinin take, ciwon ƙashin kuwa cunkoson ɓargon ne ke kawo shi.

Likitoci suka kwantar wa iyayen hankali, kuma da hujjarsu. A Amurka, cikin yara 100 masu wannan ciwo, 85 zuwa 90 na warkewa da maganin da aka saba.

## Kemo: Yuni 2010 zuwa Oktoba 2011

Aka ɗora ta a kan tsarin da ake ɗora kowane yaro, kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, na sama da shekara biyu. Wani ta jijiya, wani ta baki, wani kuma da allura a gadon baya, domin cutar takan ɓuya cikin ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa, inda maganin jijiya ba ya isa sosai. Kemo yana kashe duk ƙwayar da ke saurin rabuwa ne, ba ruwansa da ta daji ce ko lafiyayya. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi warwas.

Tun cikin makonnin farko faɗuwar garkuwar ta nuna illarta. Wata ƙwayar cuta mai cin nama ta shiga ƙafafunta biyu, aka garzaya da ita ɗakin tiyata, har an fara zancen yanke ƙafa. Aka samu aka tsira da su. Daga baya gwajin ɓargo ya nuna cutar ta lafa, kuma ko gwaji mai zurfi da ke neman ɓurɓushin da ido ba ya gani bai samu komai ba.

## Dawowa ta farko da ta biyu: Oktoba 2011 zuwa Fabrairu 2012

Kusan shekara ɗaya da rabi da fara magani, ana cikin ba ta kemon, cutar ta dawo. Lokacin dawowar yana da ma'ana a wurin likitoci. Sankarar da ta ɗago kai ana tsaka da magani, ta riga ta nuna maganin ba ya cin ta. Damar warkewa ta sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100.

Shirin da aka yi shi ne a ƙara ƙarfin kemo har cutar ta sake lafawa, sannan a yi mata dashen ɓargo, irin wanda iyalan masu sikila suka san labarinsa: a ƙone ɓargon majinyaci, a zuba masa na wani mai lafiya. Sharaɗin dashen shi ne cutar ta kasance a kwance ranar da za a yi shi. Ta lafa kuwa, an samu mai bayar da ɓargo, an sa rana cikin Fabrairun 2012. Kafin ranar ta zo, wata huɗu kacal da lafawa ta biyu, cutar ta sake tasowa. Dashe ya fita daga lissafi.

A asibitin da take jinya aka gaya wa iyayen cewa dabara ta ƙare. Shawarar da ta rage ita ce a kai ta gida, a rage mata raɗaɗi, a jira ikon Allah. Iyayen ba su karɓi wannan ba. A farkon watan Maris suka ɗauke ta zuwa Filadelfiya.

## Abin da suka tarar a Filadelfiya

Ƙwayoyin T na da ƙarfin kisa, amma ba kasafai suke gane ƙwayar daji ba, tunda daga jikin mutum ta fito, kamanninta na gida ne. Kamar karen farauta ne da ba a shinshina masa ƙanshin abin da ake so ya kamo ba. Tun a ƙarshen shekarun 1980 wani masani a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, Zelig Eshhar, ya fito da dabarar haɗa abu biyu da ba a haɗe suke ba a halitta: ɓangaren sinadarin garkuwa mai gane wata alama takamaimai, da ɓangaren da ke tayar da ƙwayar T ta yi faɗa. Wannan haɗaɗɗen furotin ake kira CAR, ƙwayar T da ke ɗauke da shi kuma CAR-T. Na farko-farkon ba su taɓuka abin kirki ba a jikin mutane, domin da an zuba su, ba su daɗewa suke ɓacewa. Sai da aka ƙara musu ɓangare na uku mai ƙarfafa su. Ayarin Dario Campana a asibitin St. Jude ya nuna a 2004 cewa wani ɓangare mai suna 4-1BB yana wannan aiki, kuma irinsa ayarin Carl June na Jami'ar Pensilbaniya ya yi amfani da shi.

Alamar da aka zaɓa ita ce CD19, furotin da ke jikin kusan kowace ƙwayar B, ta daji da lafiyayya. Zaɓin na da dalili biyu. Ƙwayoyin asali na ɓargo, masu haifar sauran jini, ba su da ita, don haka ba za a taɓa su ba. Sannan mutum na iya rayuwa babu ƙwayoyin B matuƙar ana ba shi sinadaran garkuwa daga waje. Tun farko ke nan an san cewa in maganin ya ci, lafiyayyun B ma za su tafi tare da marasa lafiyan.

A 2010 ayarin June ya gwada hanyar a kan manya uku masu wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya. Biyu cutarsu ta ɓace gaba ɗaya, na ukun ya samu sauƙi na wani ɓangare. An wallafa sakamakon a Agustan 2011. Yaro ko ɗaya ba a taɓa yi wa ba, kuma ba a taɓa gwada ta a wurinsu kan ALL ba, wadda ke iya ninka kanta cikin 'yan kwanaki. Gwajin yara, ƙarƙashin Dakta Stephan Grupp, a daidai wannan lokaci ya samu izinin buɗewa. Aka zauna da iyayen, aka gaya musu cewa wannan matakin farko ne na gwaji, wanda manufarsa sanin ko maganin na da haɗari. Suka sa hannu.

## Ɗibar ƙwayoyin da sarrafa su: Maris 2012

A farkon Maris aka haɗa ta da na'urar tace jini. Jinin na fita ta bututu, na'urar ta juya shi da gudu har ya rabu hawa-hawa, ta tsame fararen ƙwayoyi, ta mayar da sauran jikinta. Aikin 'yan sa'o'i ne. An yi shi kafin a sake ba ta kemo da gangan, don kemon da aka tanada zai karkashe ƙwayoyin T ɗin da ake buƙata.

Daga nan aka ba ta haɗin magunguna uku masu ƙarfi, clofarabine da etoposide da cyclophosphamide. Cutar ko gezau. Wannan shi ne kemo na ƙarshe da ta sha.

Ƙwayoyin kuwa an kai su ɗakin sarrafawa na jami'ar, wanda Bruce Levine ke jagoranta. Mataki na farko shi ne a tashe su. Ana zuba musu wasu 'yan mitsi-mitsin duwatsu masu ƙarfen maganaɗisu a ciki, kowane faɗinsa maikromita huɗu da rabi, kusan girman ita kanta ƙwayar, an shafe bayansu da sinadarai biyu masu taɓa wuraren da ke sa ƙwayar T ta farka ta fara rabuwa. Mataki na biyu shi ne shigar da umarnin yin CAR cikin ƙwayar. Abin da ke ɗaukar wannan saƙo bairos ne da aka samo daga HIV, aka cire masa duk sassan da ke sa shi ya hayayyafa ko ya jawo ciwo, aka bar masa ƙwarewa ɗaya: shiga ƙwayar T da dasa saƙo a cikin kundin halittarta. Faɗinsa kamar nanomita 100 ne, wato sai an jera ɗaruruwansa kafin su kai kaurin silin gashi. Jaridu sun yi ta yayata cewa an yi wa yarinya allurar HIV, abin da ya tsorata mutane ba gaira ba dalili. A cikin kwalbar ɗakin gwaji bairos ɗin ya yi aikinsa, ƙwayoyin da ya riga ya sauya ne aka mayar mata.

Bayan kamar kwana goma suna rabuwa, aka janye duwatsun da maganaɗisu, aka wanke ƙwayoyin, aka gwada su ko akwai gurɓata, aka daskarar da su cikin 'yan ƙananan ledoji.

## Ƙarin ƙwayoyin: 17 zuwa 19 ga Afrilu

Saboda taka-tsantsan aka kasa maganin uku: kashi 10 cikin 100 ranar farko, kashi 30 rana ta biyu, kashi 60 rana ta uku. Jimilla ta samu ƙwayoyin T miliyan 100 a kan kowane kilo na nauyinta, cikinsu kusan miliyan 12 ne ke ɗauke da CAR. Ba wani abin kallo a aikin. Ana narkar da ledar a gefen gado, a tura ruwan ta jijiya cikin 'yan mintoci. Abin da kawai mai shigowa ɗakin zai lura da shi shi ne wari mai kama da na tafarnuwa, daga sinadarin da ke kare ƙwayoyin lokacin daskarewa.

## Kwana na 4 zuwa na 7

Zazzaɓi ya fara kaɗan-kaɗan. Zuwa kwana na 4 bayan ƙarin farko ya yi tsanani, har ya kai digiri 40.5 a ma'aunin Selshiyas. Kwana na 5 aka mayar da ita sashen kulawa ta musamman. Jininta ya sauka ƙasa ƙwarai, sai da aka riƙa ɗura mata magungunan da ke matse jijiyoyi don ya tsaya. Jijiyoyin suka fara yoyon ruwa cikin tsoka da huhu, jikinta ya kumbura har kamanninta suka sauya, numfashi ya gagara. Aka sa mata na'urar numfashi, aka sa ta doguwar suma da magani.

Da farko an zaci ƙwayar cuta ce ta shiga jininta, tunda haka abin ke kama, ga shi kuma ba ta da garkuwa. An ba ta magungunan kashe cuta. A kwana na 5 ɗin aka ba ta sitiroyid, maganin da aka saba danne garkuwar jiki da shi in ta wuce gona da iri. Likitoci ba sa son ba da shi a irin wannan hali, domin yana iya kashe ƙwayoyin T ɗin da aka sha wahalar sarrafawa, amma rai ake ƙoƙarin cetowa. Zazzaɓin ya ɗan sauka na ɗan lokaci. Jinin bai hau ba. Aka gaya wa iyayen da wuya ta kai safiya, su kira dangi.

Wani abu ya bambanta wannan hali da na duk wani magani da ya yi wa majinyaci yawa. Da ƙarin ruwa ne, sai a rufe bututu. Nan babu bututun rufewa, maganin na cikin jininta yana ninka kansa.

Dakta Grupp ya nemi ɗakin gwajin jami'ar, na ayarin Michael Kalos, ya auna sinadaran saƙo da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna, waɗanda ake kira saitokain. Irin wannan awo na bincike ne, an saba tara jini a auna shi daga baya, bayan makonni. Aka yi shi cikin gaggawa. Da yawa sun hau, amma ɗaya ya fita daban: IL-6, wanda ya ninka ƙa'ida kusan sau dubu.

## 24 ga Afrilu: tocilizumab

Da sakamakon ya isa ga Carl June, ya san maganin da ke toshe IL-6, kuma ba ta hanyar aikin cutar daji ya san shi ba. 'Yarsa na fama da amosanin gaɓɓai irin na yara, ya daɗe yana bibiyar magungunan ciwon. Tocilizumab ya samo asali ne daga binciken Tadamitsu Kishimoto na Jami'ar Osaka a Japan, wanda ayarinsa ya gano IL-6. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi ga manya masu amosanin gaɓɓai a 2010, sannan ga yara a Afrilun 2011. Saboda wannan izini na biyu ne asibitin yaran yake da shi a ɗakin magani. Babu wanda ya taɓa ba da shi don irin halin da yarinyar ke ciki.

A kwana na 7 aka ba ta shi, tare da wani mai suna etanercept da ke toshe wani saitokain ɗin daban. Cikin sa'o'i zazzaɓin ya sauka. Aka fara rage magungunan riƙe jini ɗaya bayan ɗaya. Huhun ya fi ɗaukar lokaci. A farkon Mayu ta farfaɗo, ranar da ta cika shekara 7.

## Gwajin ɓargo: 10 ga Mayu

Tambayar da ta rage ita ce ko sitiroyid da masu toshe saitokain sun kashe maganin. A kwana na 23 aka soka allura a ƙashin ƙugunta aka zuƙo ɓargo. Ba a ga ƙwayar daji ba a madubin likita. Aka bi da na'urar da ke jera ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, kowace an manna mata launi gwargwadon alamomin da ke jikinta, na'urar da ke iya tsinto ƙwayar daji ɗaya cikin dubu goma. Ita ma ba ta samu ba.

Awon jini ya nuna abin da ya faru a kwanakin da take kwance. Ƙwayoyin CAR-T sun ninka fiye da sau dubu kan yadda suka fara, har a ganiyarsu suka kai sama da kashi 70 cikin 100 na duk ƙwayoyin T da ke jininta. An same su a ɓargo. An kuma same su cikin ruwan laka, maɓoyar nan da kemo ke wahalar shiga, kuma bayan wata shida suna nan. Ƙwayoyin B, masu ciwo da masu lafiya, babu ko ɗaya. Aka sallame ta a farkon Yuni, da aka koma makaranta ta koma tare da 'yan ajinsu.

## Yarinya ta biyu

Rahoton 2013 na yara biyu ne. Ta biyun 'yar shekara 10 ce, wadda cutarta ta dawo bayan dashe, kuma an taɓa ba ta wani magani da shi ma CD19 yake bi. Ƙwayoyin da aka ba ta ba su kai na ta farkon yawa ba, miliyan 1.4 a kan kowane kilo. Ta yi zazzaɓi, ta yi 'yan kwanaki hankalinta a ruɗe, amma ba ta kai ga na'urar numfashi ba. Bayan wata guda ɓargonta ya fita tas. Bayan kamar wata biyu cutar ta dawo, wannan karon da ƙwayoyin da ba su da CD19. Ƙwayoyin CAR-T na nan a jininta da ransu, sai dai abin da aka koya musu su nema ba ya jikin abokin gaba.

## Shekarun baya: 2012 zuwa 2024

Yarinya ta farko ba ta sake shan kemo ba, ba a kuma yi mata dashe ba. Rashin ƙwayoyin B ya sa aka ɗora ta kan ƙarin sinadaran garkuwa a kai a kai, waɗanda ake tacewa daga jinin masu bayar da jini. Rashin nasu kuma shi ne shaidar da likitoci ke dubawa cewa CAR-T na nan suna aiki. A 2022 ta cika shekara goma babu cutar, a 2023 ta shiga jami'a.

A Agustan 2012 kamfanin Novartis ya ƙulla yarjejeniya da jami'ar. A 2014 ayarin ya ba da rahoton mutum 30, yawancinsu yara, 27 cutarsu ta lafa gaba ɗaya, kuma an lura waɗanda suka zo da cuta mai yawa a ɓargo su suka fi shan guguwar saitokain, wato irin hauhawar saitokain ɗin nan da ta kusa kashe yarinyar. A 2016 manya biyar suka rasu sakamakon kumburin ƙwaƙwalwa a gwajin wani CAR-T na wani kamfani daban, aka rufe gwajin. Babban gwajin da aka yi a ƙasashe 11 ya ɗauki yara da matasa 92, amma 75 ne suka samu ƙarin ƙwayoyin. Sauran, wasu sun rasu suna jira, wasu an kasa sarrafa ƙwayoyinsu. Cikin 75 ɗin, kashi 81 cutarsu ta lafa cikin wata uku, kashi 77 sun yi guguwar saitokain, kashi 40 sun samu matsalar ƙwaƙwalwa ta ɗan lokaci. Bayan shekara guda kashi 76 na raye, kashi 50 kuma cutar ba ta dawo musu ba.

Ranar 30 ga Agusta 2017 FDA ta amince da maganin da sunan Kymriah, aka sa masa farashin dala 475,000, ban da kuɗin kwanciya asibiti. A ranar ce kuma ta amince da tocilizumab a matsayin maganin guguwar saitokain. A Janairun 2024 hukumar ta umarci a rubuta gargaɗi a jikin irin waɗannan magunguna cewa, ko da yake ba kasafai ba, an ga sankarar ƙwayoyin T ta ɓulla ga wasu da aka yi wa.

## Hukunci

Kemo bai gaza don an yi sakaci ba. An bi tsarin da ke warkar da tara cikin goma, ita ta faɗa cikin ragowar. Duk zagayen da aka yi, ƙwayoyin da suka fi jure guba ne ke tsira su hayayyafa, har aka kai ga haɗin magani uku bai motsa su ba. CAR-T ya ci ne saboda ta wata ƙofa daban ya biyo. Jure guba ba ya kare ƙwayar da aka liƙe mata aka huda ta. Ga shi yana ƙaruwa gwargwadon yawan abokin gaba, yana shiga ruwan laka da ƙafarsa, yana kuma zama bayan faɗa ya ƙare. A ganina wannan zaman shi ne ya raba lafawarta ta uku da biyun farko.

Amma ƙwayoyin nan da suka kashe cutar, da an bar su, da sun tafi da mai cutar. Abin da ya tsirar da ita a kwana na 7 abu uku ne da suka haɗu: ɗakin gwajin da ya iya auna saitokain cikin gaggawa, masanin da ya san magani daga wani fanni da ba nasa ba, da ɗakin maganin da ke da shi a ajiye. A ƙarƙashin ukun kuma akwai sashen kulawar da ya riƙe ranta da na'ura har aka gano bakin zaren. Ana yawan kiran abin da sa'a, kuma akwai ta a zancen 'yar June. Awon IL-6 kam ba sa'a ba ce. Likita ne ya ƙi tsayawa kan zato, ya ce a auna. Da ta rasu a daren nan, a jami'ar da wani matashi ya taɓa rasuwa a gwajin sauya ƙwayoyin halitta a 1999, da wuya gwajin yaran ya ci gaba.

Bai kamata kuma a karanta labarinta a manta da yarinya ta biyu ba, ko rabin yaran babban gwajin da ba su cika shekara lafiya ba, ko 17 ɗin da ko ledar ba su gani ba. Su ne suka nuna inda hanyar ke da rauni: alama ɗaya take bi, ana ɗaukar makonni kafin a sarrafa ta, kuma kowane majinyaci sai an yi masa tasa daban. Wannan na ƙarshen shi ke riƙe da farashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 na yara masu cutar daji na warkewa, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ƙasa da kashi 30, kuma wannan tazara a matakin gano cuta da kemo take, tun ba a kai ga zancen CAR-T ba. Indiya ta nuna farashin na iya sauka: a Oktoban 2023 ta amince da nata, NexCAR19, kan kusan kashi ɗaya bisa goma na kuɗin Amurka.

Hanyar da ta fi ba ni fata ita ce ta cire ɗakin sarrafawa daga lissafi baki ɗaya, a aika saƙon cikin jiki kai tsaye. A 2017 ayarin Matthias Stephan a Seattle ya ɗura umarnin CAR cikin wasu mitsi-mitsin ƙunshi da ake aunawa da nanomita, ya manna musu abin da ke gane ƙwayar T, ya yi wa ɓeraye masu sankarar jini allura, ƙwayoyin suka sauya a cikin jikinsu. A 2022 wani ayari a Jami'ar Pensilbaniya ya yi makamancin haka da ƙunshin kitse mai ɗauke da mRNA, wato saƙon halitta na wucin gadi, irin na wasu alluran rigakafin korona, don gyara tabon zuciya a ɓeraye. Saƙon mRNA cikin 'yan kwanaki yake narkewa, wanda ke nufin an samu bututun rufewar da likitocin yarinyar suka rasa a kwana na 5. Sai dai daɗewar ƙwayoyin ce ta riƙe ta, don haka mai sankarar jini zai buƙaci a riƙa maimaita masa allurar. Kuma duk asibitin da zai yi ta, ko a Filadelfiya ko a Mumbai, dole ya tanadi tocilizumab da gado mai na'urar numfashi kafin ya soka ta farko.